Gurbin Hoto a Shafin Yaya

Mama ba ta taɓa roƙona abu kai tsaye ba in dai ya shafi Yaya. Shi ne ɗanta na fari, mu kuwa asalinmu Hausawan ƙauyukan Zazzau ne, kuma zuwa coci bai wanke mana kunyar ɗan fari ba. Tun da aka yaye shi aka miƙa wa kakarmu a ƙauye, sai da ya isa shiga makaranta ya dawo gidanmu na Muchia. Sunansa ba ya shiga bakinta. In za ta aike ni wurinsa sai ta ce, "Kai wa wancan abincinsa." In zazzaɓi ya kama shi ni take turawa in taɓa goshinsa, ita kuwa ta tsaya daga bakin ƙofa tana faɗa, wai dama ya cika yawo a rana.

Shi kuma Allah ya zuba masa tsokana. Abin da ya san tana gudu, shi zai yi. Zai shigo da yamma ya zauna daf da ita a kan tabarma ya ce, "Mama, yau dai ki faɗi sunana ko sau ɗaya, in saya miki atamfa." Sai ta ja tsaki ta matsa gefe, ta dube ni ta ce, "Ke, gaya wa mutumin nan ya tashi min daga tabarma, ba ni da lokacin shashanci." Mu yi ta dariya. Ni ce auta, ni aka goya har ƙafafuna suna jan ƙasa, ni ake kira da suna da laƙabi da kirari. A lokacin ban taɓa kawowa a raina cewa akwai abin da ke yi wa wani ciwo a cikin wasan nan ba.

Koyarwa yake yi a wata sakandare wajen Chikaji, amma zuciyarsa tana wurin kyamara. Ranar Asabar ba a ganinsa a gida. Zai bi Sabon Gari lungu-lungu yana ɗaukar tsofaffin gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa, da masu gyaran agogo, da tsofaffin Ibo da Yarbawan da aka haifa a unguwar, waɗanda Hausarsu ta fi tawa. Ya buɗe shafi a intanet yana zuba hotunan, kowanne da ɗan labarinsa da Hausa. Ni na karanta ilimin kwamfuta a jami'a a Samaru, amma ko kusa bai yarda in gina masa shafin ba. Da kansa ya koyi rubutawa. Ya kan kira ni ya yi tambaya, in na ba shi amsa ya ce ai dama ya sani, gwada ni yake yi.

A hanyar Kaduna ya rasu, cikin motar haya, da damina. Ba zan tsaya a kan wannan ba, don har yau in na tsaya ba na iya tashi. Abin da ya shafi labarin nan shi ne jakarsa ba ta dawo ba, kuma kyamarar da wayar duk suna ciki. Ranar jana'iza matan zumuntar cocinmu suna kuka, maƙwabciyarmu Bayarabiya tana birgima a tsakar gida, Mama kuwa tana zaune tana amsa gaisuwa, idonta a bushe. Wasu suka ce ƙarfin bangaskiya ne. Wata kuma, da kunnena na ji, ta ce taurin zuciya ne. Saura kaɗan in wanka mata mari a gidan makoki, Allah ne ya riƙe hannuna.

Da shekara ta kusa zagayowa aka fara shirin sujadar tunawa da shi a coci. Aka buga tsarin sujadar da hotonsa na gama makaranta, wanda ke rataye a falo, kowa ya ce ya yi kyau. Ran nan muna tsince wake ni da ita, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Hotunan nan da yayanki ke ɗauka, na intanet ɗin nan, sun lalace ke nan?" Na ce zan duba. Ta jefar da wata 'yar tsakuwa, can ta ƙara da cewa, "Akwai wani na ranar godiyar girbi. Zanen da na ɗaura nake so in gani, an ce an daina yin irinsa."

Zane! Zanen yana nan cikin akwatinta, ni da hannuna na goge shi na ninke. Kukan kurciya dai jawabi ne. Na san hoton da take nufi, don ni na ɗauke shi. An tashi daga sujada ke nan, ƙofar coci ta cika da hayaniya da buhunan masara da doyar da aka kawo baiko, wato kyautar godiya ga Allah, sai Yaya ya cusa min kyamara a hannu, ya yi wuf ya tsaya gefenta. Kafin ta ankara na danna. Ta kau da kai, ta ce mu duka biyun marasa kunya ne. Daga baya ya sa shi a shafinsa, ya kawo mata a waya, ta ce ya ɗauke mata abin nan daga gabanta. Ko ta saci kallo ta wutsiyar ido, oho. A duk duniya babu wani hoton da Mama da ɗanta na fari suke tsaye tare sai shi, kuma shi take so, ga shi bakinta ba zai iya faɗa ba.

Na ce a raina wannan ai aikin 'yan mintoci ne. Washegari ina isa ofis na buga adireshin shafin, babu shi. Wa'adinsa ya cika, ba wanda ya sabunta, ina mai makoki ya ga hankalin sabunta shafi? Hotunan ma ba a shafin suke zaune ba, a wani rumbun ajiya na intanet yake zuba su. Na nemi shiga rumbun, aka ce an tura lambar sirri zuwa wayarsa. Sai na kira layin. Ban san abin da nake tsammani ba. Ya yi ƙara, aka ɗauka, wani mutum ya ce, "Halo, wa ke magana?" ana jin injin niƙa a bayansa. Ashe an riga an ba wani layin. Bawan Allah ne, da na yi masa bayani ya yi min ta'aziyya, ya karanto min lambar. Na shiga na tarar da rumbun fayau, an share komai saboda daɗewar da aka yi ba a taɓa shi ba. Na yi wa mutumin godiya, na shige banɗakin ofis na yi kuka na ƙoshi.

Na bi abokansa ɗaya bayan ɗaya. Wannan yana da hoton tashar jirgi, wancan yana da na kansa ranar aure. Wa zai ajiye hoton uwar wani ta kau da kai? Babu.

Abin da ya rage shi ne tsohuwar kwamfutarsa ta cinya, wadda ya bari a gida don batirinta ya daɗe da mutuwa, sai da wuta take tashi. A cikinta na tarar da shafukan gaba ɗaya, kamar yadda ya rubuta su da hannunsa. Na yi murna, amma murnar ba ta je ko'ina ba. Ga wanda bai san harkar ba, shafin intanet ba kamar shafin littafi ba ne da komai ke manne a jiki. Rubutu ne zalla, an cusa masa alamomi, abin da ake kira HTML, masu cewa nan kanun magana ne, nan sabon sakin layi, nan kuma hoto zai zauna. Hoton kansa ba ya ciki, adireshinsa kawai aka rubuta, burauza, manhajar da ake buɗe shafi da ita, ita ce ke zuwa ta ɗauko. Yaya kuwa daga kyamara yake tura hotunansa rumbu kai tsaye, don cikin kwamfutar ba shi da fili. Ga adireshi nan reras, gidajen ne aka rushe.

Na gwada buɗe shafukan da burauza a kan tsohuwar kwamfutar. Kai! Fankar cikinta ta dinga kuka kamar za ta tashi sama, allon ya yi fari, wani ɗan zobe yana ta juyawa. Yaya ya aro wasu ƙananan umarnai daga waje don ƙawata shafin, su kuwa sun kafe sai sun ga intanet, intanet ɗin da babu a gidanmu sai a wayata. Ko da ma ya buɗe, Mama ba za ta iya da burauza ba. Mace ce da in waya ta yi ƙara sau biyu a jere take miƙo min ita da yatsu biyu. Na zauna na yi tunani, na ce da babu gara ba daɗi. In hoto ya gagara, ai maganarsa tana nan. Zan rubuta mata 'yar manhaja tata ta kanta, wadda da an kunna kwamfutar za ta buɗe, da manyan haruffa, maɓalli biyu kacal, ɗaya gaba ɗaya baya.

Ofishinmu yana Samaru, a saman wani shagon buga takardu da ɗalibai ke cika shi suna cakuɗa Hausa da Turanci. Manhajoji muke rubuta wa makarantu da kantunan magani, irin waɗanda ke zaune a kan kwamfutar tebur ba sa neman intanet. Da na gaya wa abokin aikina abin da nake so in yi, sai ya ce in cusa injin burauza sukutum a cikin manhajar, kowa haka yake yi yanzu, in huta. Na ce, "Haba malam, in ɗauko tirela don in kai buhu ɗaya Muchia? Ka ga kwamfutar kuwa?" Ya leƙa, ya ji kukan fankar, ya ce Allah ya ba ni sa'a.

Sai na koma wa wani ɗan ƙaramin laburare da muka taɓa amfani da shi wajen nuna shafukan taimako a manhajar wata makaranta. Laburare a bakinmu ba ɗakin littattafai ba ne, ƙunshin aiki ne da wasu suka riga suka rubuta, ka ɗauka ka jona da naka. Wannan ba shi da nauyi ko kaɗan, don ba ya yin abin da ba a sa shi ba. Ba ya zuwa intanet, ba ya kula umarnan ƙawa, ba ya kunna bidiyo. Aikinsa ya karanta alamomin shafi ya auna inda kowane abu zai zauna. Ko zane ba ya yi da kansa. Tambayarka zai dinga yi: wane irin haruffa za a sa? Kalmar nan faɗinta nawa? In ka amsa sai ya ce to, zana ta a nan. Na sha zaginsa a baya saboda yawan tambayar nan. A wannan karon daɗinta na ji, don kowace kalma ta Yaya sai ta bi ta hannuna kafin ta hau allo.

Ina yin aikin a tsakanin ayyukan ofis, in an tashi kuma in rungumi kwamfutar a bas, mu bi ta Kwangila, ruwa na dukan gilashi, ni ina kare jakar da jikina kamar mai jego. A hankali shafukan suka fara fitowa. Haruffa manya, baƙi a kan fari, babu abin da ke tsalle ko juyawa, fankar ma ta yi shiru. Daga nan muka zo kan tambayar da na san tana tafe. Duk inda laburaren ya ci karo da alamar hoto sai ya tsaya ya tambayi manhajata: hoton nan, mene ne girmansa? Ni ce zan rubuta amsar. Na daɗe ina kallon wurin, sannan na rubuta cewa duk hoton da ba a samu ba a ce girmansa sifiri ne. Nan take shafukan suka haɗe, rubutu ya bi rubutu, tsaf, kamar ba a taɓa sa hoto a ciki ba. Na ga kamar tausayi na yi mata, kada ta yi ta kallon ramuka.

Wata Asabar da rana aka kawo wuta, na ɗora kwamfutar a kan teburin falo na kira ta. Sai da ta wanke hannu tukuna, ta ɗauko tabaran da take karatu da shi a coci. Na nuna mata maɓallan. Ta fara karantawa, leɓɓanta suna motsi. Ta wuce labarin mai gyaran agogo, ta wuce na tsohuwar da ke sayar da garin rogo tun zamanin da jirgi ke tsayawa cike da fasinja. Har ta iso shafin godiyar girbi. Ta karanta shi daga sama har ƙasa. Ta danna gaba, ta dawo baya, ta sake danna gaba.

"Shi ke nan?" in ji ta.

Na ce, "Mama, hotunan sun ɓata. Na nema ko'ina."

Ta cire tabarau ta ninke. "To, Allah ya sa haka ya fi alheri," ta ce, ta miƙe wai za ta duba tukunya. Ba a ɗora komai a wuta ba a lokacin. Da yamma na ga ta lulluɓe kwamfutar da wani ƙyalle mai saƙar hannu, irin wanda take rufe rediyo da shi.

Ranar na ji haushi, haushin kowa da kowa. Na ji haushin masu rumbun da suka share rayuwar mutum kamar shara. Na ji haushin Yaya, mutum ya iya ɗaukar akuyar wani sau ɗari amma ya kasa wanke hoton uwarsa ya manna a bango? Na ji haushin Mama ma, ba zan ɓoye ba. Da ta yarda an ɗauke su tare a kowane biki, da yanzu zaɓa za mu yi. Na ji haushin kunyar nan da aka gada, wadda ta hana mace rungumar ɗanta yana raye, ta kuma hana ta tambayar hotonsa bayan ya mutu. Ban gaya mata ko ɗaya ba. Na dai wanke kwanonin da ke wanke, da ƙarfi, har ɗaya ya lanƙwashe.

Ban haƙura ba duk da haka. Na ce bari in ciro ainihin sunan da ya ba fayil ɗin hoton, ko wani zai bincika wayarsa da shi a dace. Na kwafe shafukan na tafi da su ofis, na sa manhajar ta fito min da duk abin da ke rubuce cikin kowace alamar hoto, ba adireshi kaɗai ba. Ina jiran in ga lambobi da tarkace, sai ga Hausa tana zubowa a allo.

"Mai gyaran agogo a bakin kasuwa. Agogo cike da hannunsa, kowanne da lokacinsa."

"Tsohon gidan ma'aikatan jirgi, rufin ya rufta. Akuya ce maigida yanzu, ga ta a baranda."

"Ƙanwata tana hararata don na ce danna kwamfuta ba aiki ba ne. Hancinta ya buɗe."

Na toshe bakina da hannu. Abokin aikina ya juyo ya ce lafiya? Na nuna masa allon, ina dariya ina kuka. A cikin alamar hoto akwai wani ɗan gurbi da aka tanada don bayanin hoton, saboda makafi, waɗanda waya ke karanta musu shafi da murya. Mai ido ba ya ganinsa in dai hoton ya fito. Yawancin masu gina shafi ba sa ko kallonsa, mu da muke cin abinci da sana'ar ma tsallake shi muke yi. Sai na tuna Yaya yana da aboki makaho, mai kaɗa molo a ƙungiyar mawaƙan cocinmu, wanda wayarsa ke karanta Hausa da harshen Bature, su yi ta kwaikwayonta suna dariya. Don shi ya cike kowane gurbi. Shafi bayan shafi, babu hoton da ya bari ba bayani, kuma ba bayanin gaggawa ba, muryarsa ce sak, da tsokanar da komai.

Na yi ta gangarawa ƙasa har na hango adireshin shafin godiyar girbi yana tahowa. Sai na ɗora tafin hannuna a kan allon na rufe. Ba nawa ba ne. Tsoro ma ya kama ni. In ya bar wannan ɗin fanko fa? In kuma wani shaƙiyanci ya rubuta, irin wanda zai yi daɗi yana raye amma yanzu ya zama wuƙa?

Na koma wurin tambayar nan ta girman hoto na goge sifirin. Ashe Yaya ya rubuta faɗi da tsawon kowane hoto a cikin alamarsa, ni ce ban duba ba. Na ce wa manhajar, in laburare ya tambaya, ki ba shi girman da mai shafin ya rubuta. In ya ce a zana hoto, ki ja siririn layi ki kewaye wurin, ki rubuta bayanin a tsakiya. Na kunna. Shafukan da suka haɗe suka sake buɗewa, rubutu ya ja da baya ya ba kowane hoto wurinsa, manya da ƙanana, na tsaye da na kwance. Abokin aikina ya tsaya a bayana ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kin tabbata za ki nuna wa tsohuwa wannan? Kamar ɗakin da aka kwashe kaya fa." Na ce ban tabbata ba. Na gwada a kan kowane shafi ban da guda ɗaya.

Aka yi sujadar tunawa ranar Lahadi. Aka yi waƙoƙi, aka ci shinkafa, matan zumunta suka wanke tukwane suka tafi. Da la'asar gidan ya koma namu mu biyu, hadari ya haɗu amma bai zubo ba, wuta kuwa, abin mamaki, ba a ɗauke ba. Na ɗaga ƙyallen, na zuba sabon aikin a kwamfutar, na ce, "Mama, hotunan ba su dawo ba, kada ki sa rai. Amma zo ki ga wani abu."

Ta zo tana jan ƙafa, da zanen zumunta a jikinta har lokacin. Na nuna mata gurbin farko na yi mata bayanin abokin nan makaho. Ta sa tabarau ta karanta na akuya. Wata 'yar dariya ta kuɓuce mata ta hanci, ta ce, "Mutumin nan dai, bakinsa bai taɓa hutawa ba." Sai ta ɗora yatsa a kan maɓallin gaba ta dinga dannawa da sauri, ba ta ko duba abin da ke wucewa, ta tsaya cak a kan shafin godiyar girbi. Hannun da ya yi wannan ba baƙo ba ne. Ashe duk kwanakin nan, in na tafi Samaru, ɗaga ƙyallen take yi.

Gurbin dogo ne, na tsaye, ya cinye kusan rabin allon. Na kau da idona gefe. Na ji numfashinta, na ji ta matso, sannan ta ce, "Karanta min. Rubutun ya yi ƙanana." Haruffan sun kai girman ɗan yatsa, amma ban yi musu ba. Na juyo na karanta da ƙarfi, a karo na farko.

"Ni da Mama a ƙofar coci. Ta kau da kai kamar ba ta san ni ba. Abin da kyamara ba ta kama ba shi ne hannunta na hagu yana bayana, ta riƙe gefen rigata, kuma ba ta saki ba har aka gama."

Da ƙyar na kai ƙarshen. Iska na ta taɓa kwanon rufi. Mama ta dubi hannunta na hagu a kan cinyarta, ta juya shi.

"Ashe ya ji," ta ce.

"Ya ji, Mama."

"Ni na ɗauka a hankali na riƙe."

Ni kuwa hawaye na ta zuba, ban ma damu in share ba. Na ɗauka an gama, na fara tunanin in tashi in kawo mata ruwa, sai ta kamo gefen zanena ta zaunar da ni.

"Ke da kika ɗauka," in ji ta, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ni ban duba ba, kaina na gefe. Fuskarsa fa? Ina yake kallo?"

Na buɗe baki in ce ke yake kallo, don ita ce amsar da ta dace, kuma ba mai ƙaryata ni. Na rufe ido na nemo ranar. Na ga buhunan masara, na ga ƙofar coci, na ga ɗankwalin Mama da yadda ta murguɗa baki ta juya wuya. Wajen da Yaya yake tsaye ban ga komai ba sai farar riga. Ita nake kallo a ranar, ina ta dariya, shi kuwa ai kullum yana nan, me zan kalla?

Na ce, "Mama, ban tuna ba. Allah ya sani ban tuna ba."

Ta gyaɗa kai a hankali, ba ta yi min faɗa ba. Ta goge tabaranta da bakin zane ta mayar, ta jawo kujerarta kusa da tebur har gwiwarta ta taɓa shi, ta ci gaba da kallon gurbin, can wajen dama, daidai tsayin da kansa zai kai.